Haƙorin da Ya Kai Safiya Ɗakin Tiyata

Roni,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, kai da Rukayya da ƙawata Hanifa, da fatan kuna lafiya, ana ta fama da ɗaurin kaya. Allah ya sa wannan aiki da ka samu a Kudu ya zame maka alheri, ya kai ku lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri. Amin.

To, gaisuwa ta ƙare. Na zauna rubuta maka takarda ne saboda na lura in na yi maka magana da baki, kai kawai kake gyaɗawa, idonka na kan waya. Kuma ba zan yi maka faɗa a gaban matarka ba, ba haka aka rene ni ba. Amma raina a ɓace yake tun ranar Juma'a, gara ka sani kafin ka hau mota.

Da kuka zo sallama na ba Hanifa ƙuli-ƙuli. Ina kallonta ta karkace kai tana tauna da gefe guda kamar wata tsohuwa. Na jawo ta na ce ta buɗe baki. Turminta na sama ya yi kogo baƙi ƙirin, kuma a dasashi, daidai samansa, ga wani ɗan ƙurji ya yi farin kai. Na ce maka, "Abba, ka duba bakin yarinyar nan kuwa?" Me ka ce mini? Dariya ka yi, ka ce, "Umma ke nan. Haƙoran yarinta ne fa, famfara za ta yi su zube. Ai ma ya daina yi mata ciwo. In mun sauka mun natsu za a duba."

In kun natsu! Kai da za ka garin da ko hanyar kasuwarsa ba ka sani ba, kai da ka ce mini da bakinka gidajen ma'aikatan a bakin daji suke, yaushe za ka natsu? Wannan "ya daina ciwo" kuwa da ka faɗa kana murna, ita ce ta hana ni cin tuwo ran nan. Ni ma na taɓa faɗarta, da irin wannan murnar taka.

Kana makarantar kwana lokacin da abin ya sami ƙanwarka Safiya. Aka ƙi gaya maka saboda kuna jarrabawa. Ka dawo hutu ka tarar an aske mata kai, ga ɗinki a gefen goshi, aka ce maka ciwon kai ne ya yi tsanani har aka yi mata aiki. Ba wani abin ɓoye ba ne, duk unguwar nan an san labarin. Kai ne dai ba ka taɓa zama ka tambayi daga ina ciwon kan ya taso ba. Daga haƙori ya taso, Abba. Turmi na sama, irin na 'yarka.

Tana aji uku a firamaren da nake koyarwa. Ka san ta da son zaƙi. A ƙofar makaranta akwai masu alawar madara da gullisuwa, ni kuma kullum sai na miƙa mata ɗan canji don ta bar ni in shiga aji. Ni malama ce fa. Ina tsayawa gaban allo in zana buroshi da man goge baki, in sa 'ya'yan mutane su maimaita darasin tsafta da ƙarfi, amma tawa 'yar ban taɓa tsayawa a kanta na ga ta wanke baki kafin ta kwanta ba. Sai in ce, "Kin wanke?" ta ce, "Na wanke," shi ke nan. Yanzu ina ganinka kullum ka taso daga aiki aljihunka cike da alawa da cingam, don Hanifa ta rugo da gudu ta rungume ka. Za ta rugo ko ba alawa, ubanta ne kai. Ka kawo mata ayaba ko dabino, kuma ka tsuguna kai da kanka ka goge mata baki safe da kafin barci. Yarinya kamarta ba ta iya ba, tsotsar man kawai take yi.

Da kaka ciwon ya fara, ana cirar gyaɗa. Ta zo mini dafe da kunci tana hawaye. Na daka kanumfari na cusa mata a kogon, na haɗa mata ruwan ɗumi da gishiri. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya biya ta kemis ya sayo ƙwayar ciwo. In ta sha ya lafa, in ta sake ta ya dawo. Ran kasuwa sai na kai ta wurin wani mutum da ke zuwa yana cire wa mutane tsutsar haƙori. Ya zuba wasu 'yan ƙwayoyin iri a garwashi, ya kifa mazurari, ya sa ta buɗe baki hayaƙi na shiga, tana tari idonta na ruwa. Can ya nuna mini wasu fararen abubuwa a kwanon ruwa ya ce, "Ga su nan, Malama, sun fito." Na leƙa, na yi salati. Ni da na yi kwalejin horon malamai! Cikin irin ne yake fashewa in ya ji wuta, babu wata tsutsa. Amma ran nan na gaskata shi, kuma bayan 'yan kwanaki ciwon ya ɗauke ɗif. Har gidajen maƙwabta na shiga ina yabon mutumin.

Daga baya likita ta yi mini bayanin abin da ya faru. Jijiyar da ke cikin haƙorin ce ta mutu, shi ya sa ba ya jin komai. Cutar kuwa ba ta mutu ba, gangarawa ta yi saiwar haƙorin ta shiga ƙashi, ta zauna tana tara mugunya. Wannan ɗan ƙurjin da na nuna maka a dasashin Hanifa, ƙofar da mugunyar ta huda wa kanta ke nan. Ka ji ni da kyau: haƙori mai kogo in ya daina ciwo ba tare da an gyara shi ko an cire shi ba, ba warkewa ya yi ba. Kuma cuta ba ta tambaya ko haƙorin na yarinta ne ko na girma kafin ta shiga ƙashi.

Ana nan sai kuncin Safiya na hagu ya kumbura, kumburin ya hau har ƙarƙashin ido, idon ya ƙanƙance. Nan ma kemis aka koma. Yaron shagon ko ganinta bai yi ba, babanku ne ya kwatanta masa da hannu, ya ƙirgo kafso ya zuba a leda. Ta fara sha, kumburin ya saɓe, ni kuma na ce to ai an samu lafiya, na ɗaure sauran na jefa cikin kwalla wai don wata rana. Ka ga wautar? Na danne cutar ta kwanta, ban kashe ta ba, tushenta kuma na nan a baki ban taɓa shi ba. Na san halinka, kai ma mutumin kemis ne, jakarka ba ta rabuwa da ƙwayoyi. Kar ka sayo wa yarinyar nan kafso da ka. Likita ya gan ta da idonsa, in ya rubuta magani a shanye shi duka ko ta tashi tana tsalle, kuma ka sani maganin ba ya maye gurbin gyaran haƙorin.

Aka yi makonni shiru, har na manta da wani haƙori. Sai ciwon kai. Ta tashi da safe riƙe da goshi, wani lokaci ta yi amai tun ba ta sa komai a ciki ba. Zazzaɓi ya zo ya tafi. Na kai ta ɗakin shan magani aka gwada jini, aka ga zazzaɓin cizon sauro, kuma gaskiya ne akwai shi, wane yaro ne ba shi da shi bayan damina? Ta sha magani, zafin jikin ya ragu, ciwon kan yana nan daram. Maimakon in koma in ce musu ga abin da ya rage, sai na ce ai saura ne, zai bi jiki.

Wata rana malamin ajinsu ya tare ni a baranda ya ce, "Malama, Safiya fa barci take a aji, kuma rubutunta ya lalace." Ya nuna mini littafinta, haruffa sun karkace suna gangarowa daga kan layi. Kunya ta kama ni, 'yar malama guda. Muna isa gida na kama kunnenta na murɗe.

"Ni za ki kunyata a makaranta?"

Ta ce, "Umma, kaina ne yake mini nauyi."

Na ce, "Lalaci ne yake miki nauyi. Ɗauki tsintsiya."

Ta ɗauka, tsintsiyar ta suɓuce daga hannunta. Ta sake ɗauka ta sake faɗuwa. Na ce da gangan take yi.

Abba, yaron da ka san shi da kuzari, in ya koma barci da rana, ya daina wasa, ya yi ta sakin abu daga hannu, ba tarbiyya ce ta lalace ba. Ka ajiye faɗa ka duba jikinsa. Na faɗa maka wannan ne don kai ma akwai ka da saurin tsawa, kuma na san inda ka gado ta.

Abin da ya tayar da hankalin gidan shi ne ranar da ta miƙo hannu tana son cokali, ta ce, "Umma, ba ni takalmi." Na ce me? Ta sake cewa takalmi, tana nuna cokalin, sai ta fashe da kuka don ita ma ta ji ba daidai ba ne, amma kalmar ta ƙi zuwa. Babanku ya aika garin Gwiwa aka gaya wa yayarsa, Goggonku Asabe. Ta zo a kan acaɓa da ƙullin magunguna, ta dubi yarinyar sau ɗaya ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ta bi ta duwatsun bayan gari da tsakar rana, an shafe ta. Ku kai ta a yi mata allura ku ga yadda za ku rasa ta."

Na ce a hankali, "Yaya, da dai mun leƙa Kazaure, ko don ciwon kan."

Ta ce, "Ke boko ya cika miki kai. Mu da muka haifa muka binne ba mu san ciwo ba, sai ke?"

Na dubi babanku. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A bari a ga na Yaya tukuna."

Na haƙura. Aka shiga turare da rubutu da shafe-shafe, ɗaki ya turnuƙe, yarinya na kwance tana lumshe ido. Goggonku ba muguwa ba ce, son Safiya take yi kamar ranta, abin da ta sani ke nan. Ni da zuciyata ke gaya mini a tafi asibiti, ni ce na zauna ina jin nauyin musa wa yayar miji. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Ban hana ka addu'a ba, ni na koya maka ita. Amma ana yin ta a cikin mota, ana yin ta a kan bencin asibiti, Allah yana ji a ko'ina. Can inda za ka ma za ka sami dattawa masu cewa a jiƙa wannan a shafa wancan. Ka rusuna ka gode musu, ka saɓi 'yarka ka wuce. Ko ni ce na kira ka na ce a dakata, ka ce, "To Umma," ka kashe wayar ka tafi.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne, muna tsakar gida da mata ana ɓarar gyaɗa. Safiya na kan tabarma a inuwa. Sai na ga hannunta na dama yana karkarwa shi kaɗai. Kafin in miƙe, ƙafar ta kama, bakin ya karkace, idanun suka juye, duk jikin ya ɗauki jijjiga. Mata suka sa salati. Goggonku ta rugo da kaskon turare, wata kuma tana ƙoƙarin tura mata cokali a baki. Ban san lokacin da na ture su ba. Na sunkuce ta na yi waje, ba mayafi, ba takalmi.

Ka tuna Maman Joy, 'yar Binuwai ɗin nan mai shagon kayan masarufi a bakin layinmu? Ita ta fara ganina. Ba ta tambaye ni komai ba, ta juya ta ƙwala wa mijinta kira, "Baban Joy, kawo mota! Yarinyar Malama ne!" Ta cire gyalenta ta yafa mini, ta shiga baya tare da ni, ta ce in kwantar da Safiya a kan gefenta kar in sa mata komai a baki. Babanku a gona labari ya same shi, ya biyo mu a kan babur. Shi ya sa na roƙa maka maƙwabta nagari a farkon takardar nan, ba don cika layi ba. In ka sauka, ka shiga ka gaida na dama da na hagu, ko wane yare suke yi, ko ina suke ibada. Kuma tun kana lafiya ka san wa ke da mota a layin, ka san hanyar asibiti da ƙafarka.

A Kazaure suka yi mata allura jijjigar ta tsaya. Likitan ya haska idonta, ya ɗaga hannun dama ya saki, hannun ya faɗi yaraf. Ya ce, "Wannan sai Kano, kuma yanzu. Akwai abin da ke cikin kanta, sai an ɗauki hoto." Allah ya saka masa, bai ɓata mana lokaci ba.

A babban asibiti a Kano aka tura ta cikin injin hoton kai. Wata likita, matashiya, ba ta fi Rukayya ba, ta kira mu ta ɗaga hoton a gaban fitila. Ko ni da ban san komai ba na ga abin: wani dunƙule a gefen hagu, ta wajen goshi, ya ture abin da ke kusa da shi. Ta ce, "Mugunya ce ta taru a cikin ƙoƙon kai tana danne ƙwaƙwalwa. Shi ya sa hannun dama da magana suka taɓu. Amma daga wani wuri ta zo. Kunnenta na zubar da ruwa?"

Na ce a'a.

"Ta taɓa faɗuwa ta fasa kai? Mura mai daɗewa fa?"

Na ce babu.

Sai ta ɗauki ɗan katako ta buɗe bakin Safiya ta haska. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago.

"Mama, tun yaushe haƙorin nan yake haka?"

Ka san me na ce? Na ce, "Ai wannan ya warke tuntuni."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai sa yatsa a kuncinta ta nuna mini. Ta ce saiwar turamen sama tana dab da wani kogo da ke cikin ƙashin kunci, kogon kuma yana haɗe da na bayan hanci da na goshi, tsakanin na goshin da ƙwaƙwalwa kuwa ɗan siririn ƙashi ne. Wani lokaci ma ta hanyar jini cutar ke bi. Ta ce ba kasafai yake kaiwa haka ba, yara da yawa na fama da ruɓaɓɓen haƙori ba ya hawa kai. Na ce to me ya sa tawa? Ta ce, "Ba wanda zai iya gaya miki wane yaro ne zai hau wa. Shi ya sa ba a barinsa."

Na san abin da za ka ce ke nan, kai mai lissafi: "Umma, ai ba kowa yake samu ba." Na sani. An gaya mini tun kafin ka fara aske gemu. Ni ma ba kowa ba ce, ga ni nan ya same ni. Kuma ka lura, duk asibitin da na kai ta kafin nan ban taɓa ambaton haƙori ba, don a kaina ciwon baki daban, ciwon kai daban. In ka kai yaro gaban likita ka zazzage masa komai, har abin da kake ganin ya wuce. Shi zai tsince, ba kai ba.

Aka kawo wa babanku takardar amincewa. Ya riƙe biro ya ce, "Likita, kan nata za a buɗe?" Ta ce, "Za a huda ƙashin a zuƙe mugunyar. In ba a yi ba, ba na jin za ta kai." Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne mahaifinsa, ya juya ya fuskanci bango. Aka aske mata kitson da na yi mata da hannuna, aka tura ta ciki. Muka zauna a baranda muna jira. Goggonku ta iso daga baya, ta zauna can nesa da ni tana jan carbi. Da aka fito aka ce an gama tana numfashi, ita ta fara faɗuwa ta yi sujada a kan siminti.

Muka yi makonni a asibitin nan. Allurai ta jijiya safe da yamma, har jijiyoyin hannunta suka ɓuya aka koma ƙafa. Gyaɗarmu ta shekarar a tsakar gida ta lalace. Da ta ɗan yi ƙarfi aka gangara da ita sashen haƙori don a cire tushen masifar. Abba, wannan ne abin da har gobe yake ƙona mini rai. Na zaunar da ita a kujerar, na fita in amsa gaisuwar wata mata da ta zo dubiya, ban gama amsawa ba aka leƙo aka ce, "Mama, an gama." Aka nuna mini shi a ɗan faranti, guntun abu baƙi, bai kai ƙwayar masara ba. Aikin da bai kai tafasar ruwan shayi ba. Shi na ƙi yi da kaka, na zaga ta kanumfari da hayaƙi da kafso da murɗe kunne, har sai da aka huda kan 'yata.

Sauran ka san shi, ko da yake ban tabbata ka taɓa kallonsa da kyau ba. Maganar ta dawo a hankali, kamar mai koyo daga farko. Hannun dama bai dawo duka ba. Ta maimaita aji, ta koyi rubutu da hagu. Har yau sai ta sha maganin farfaɗiya kullum. Kai kana ganin ƙanwarka mai fara'a ce, tana karatunta a Kazaure, komai lafiya. Ba ka nan ranar da ta miƙa wa wani dattijo kuɗin mota da hagu, ya ƙi karɓa, ya ce a gaban mutane, "Ke ba a koya miki tarbiyya a gidanku ba?" Ta dawo ta shige ɗaki, a bakin wata na ji. Ba ka nan lokacin da mutanen yaron nan na Babura suka zo neman aurenta da mutunci, sannan suka ji labarin maganin da take sha, aka daina ganin ƙafarsu. Mun gode wa Allah da ya bar mana ita, wallahi mun gode. Amma kar ka ce mini abin ya wuce.

Saboda haka ka buɗe kunne. Ko bayan an gyara na Hanifa, duk ranar da ka ga kuncin yaro ya kumbura, musamman in kumburin ya doshi ido, ko ga zazzaɓi tare da shi, ranar za ka asibiti, ba gobe ba. In kuwa ciwon kai ya biyo baya ya ƙi jin magani, ko amai da safe, ko yawan barci, ko wuya ya sanƙare, ko magana ta rikice, ko wani gefe ya saki, to ko a wurin aiki kake ka ajiye musu kayansu ka fito. Ba ruwana da shugabanka. Kuma kar ka karanta wannan ka juya kan Rukayya ka ce ita ce ba ta kula. Na ga fuskarta ran Juma'a, ta so ta yi magana ka riga ta da dariyarka. Na tabbata ta gaya maka tun ba yau ba. Ka ba ta takardar nan ta karanta, kuma in ta ce maka jikin yarinya ba daidai ba, ka yarda da ita, ita ke wuni da ita.

Abu ɗaya ya rage. Safiya na ɗakin lokacin da na buɗe bakin Hanifa, ta zo hutun ƙarshen mako. Ta leƙa ta gani, ta ji amsar da ka ba ni, ta tashi ta fita. Kai ka ɗauka shayi ta je dafa muku. Bayan kun tafi na same ta a bakin rijiya tana wanke-wanke, ta danne kwano da gwiwa tana cuɗawa da hannu ɗaya, yadda ta saba. Na ce, "Lafiya?" Ta ci gaba da cuɗa kwanon. Can ta ce, "Umma, in na cire ɗankwalina na nuna wa Yaya wurin, kina ganin zai kai ta?"

Na ce mata ba sai ta cire ba, ni zan yi maka magana.

To ga maganar. Kafin ku ɗora kaya a mota, ka ɗauki Hanifa ka kai ta wurin likitan haƙori. In ba a samu a Kazaure ba, Kano ba nisa, kana zuwa can sayen abin da bai kai wannan ba. In an ce a cike a cike, in an ce a cire a cire, in an ce a dawo to tafiyar ta jira. Ka kira ni daga can ka ba ta wayar ta gaya mini da bakinta. In kuwa ka ga ba ka da lokaci, babu damuwa, ka biyo ta Roni ka sauke mini ita, ku wuce kai da matarka. Ni zan kai ta, in ta warke ka zo ka ɗauka. Duk abin da na rubuta a sama shawara ce, kana iya ɗauka kana iya bari. Wannan ba shawara ba ce.

Allah ya yi maka albarka, ya sassauta maka wannan taurin kai, ya ba ka na halal a inda za ka. Allah ya kai ku lafiya, ya kwana da ku ya tashi da ku, ya raya Hanifa da duk waɗanda za su biyo bayanta, kar ya nuna maka barandar ɗakin tiyata da ɗanka a ciki. Ka gaida Rukayya da kyau. Safiya na gaishe ka.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka.